Sha'irar da Ta Rufe Ƙofarta: Amsa ga Mai Son Yin Fim a Kan Kakarta

Wata ɗaliba 'yar asalin Gwandu da ke karatu a Birnin Kebbi ta aiko mini da tambaya mai rassa biyu. Ta ce ta kalli wani fim na Turawa a kan Emily Dickinson, marubuciyar waƙoƙin nan ta Amurka da ta shafe ƙarshen rayuwarta ba ta fita daga gidan mahaifinta ba, tana son ta san ko abin da aka nuna gaskiya ne, kuma ko mahaifin ne ya yi mata kulle. Sannan ta ce kakarta ta wajen uwa ta rasu ta bar gafaka cike da waƙoƙin ajami waɗanda ba wanda ya san da su sai bayan sadakar arba'in, ita kuwa tana da burin yin fim a kanta, amma ba ta san ta inda za ta soma ba.

'Yata, da farko Allah ya jiƙan kakarki, ya haskaka makwancinta, ya kuma yi miki albarka da kika ga takardun tsohuwa ba ki ɗauke su tarkacen shara ba. Na daɗe ina koyar da rubutacciyar waƙa, ina kuma bin gidaje neman rubuce-rubucen ajami, saboda haka rassan tambayarki biyu a wurina tushensu ɗaya, domin duk wanda ya gane inda wancan fim ya tsaya a kan shaida da inda ya cike gurbi da ƙage, ya riga ya san rabin aikin da ke jiransa a kan gafakar gidansu.

Daga yadda kika siffanta shi, fim ɗin da kika kalla shi ne A Quiet Passion, wanda ya fito a 2016. Terence Davies, wani darakta ɗan Ingila da ya rasu a 2023, shi ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni, Cynthia Nixon kuma ita ta fito a matsayin Emily. An ɗauki mafi yawan abubuwan cikin gida a Beljiyam, inda aka gina kwatankwacin ɗakunan, aka ɗauki na waje a ainihin gidan da ke garin Amherst a jihar Massachusetts, wanda a yau gidan tarihi ne. Ginshiƙin labarin gaskiya ne. An haifi Emily ranar 10 ga Disamba 1830, ta rasu ranar 15 ga Mayu 1886 tana da shekara 55, ba ta taɓa aure ba, kuma a gidan da aka haife ta ta cika. Mahaifinta Edward lauya ne, ya daɗe yana riƙe da muƙamin ma'ajin Kwalejin Amherst wadda kakanta na cikin waɗanda suka kafa ta, ya kuma wakilci yankinsu a majalisar tarayya daga 1853 zuwa 1855. Wanta Austin ya auri ƙawarta Susan Gilbert a 1856 suka zauna a gidan da ke jikin na mahaifin, 'yar siririyar hanya ce kawai tsakaninsu, ƙanwarta Lavinia kuwa ita ma ba ta yi aure ba, tare suka tsufa a gida ɗaya. Farkon fim ɗin ma, inda shugabar makaranta ke ware ɗalibai gwargwadon matsayinsu a addini Emily ta rage ita kaɗai a tsaye, yana da asali, domin a shekarar da ta yi a makarantar 'yan mata ta Mount Holyoke, daga 1847 zuwa 1848, ana rarraba ɗalibai zuwa waɗanda suka yi iƙirarin imani, da masu fata, da marasa fata, ita kuwa a rukuni na ƙarshe aka lissafa ta.

Batun kulle yana buƙatar natsuwa, domin mu Hausawa da mun ji an ce mace ba ta fita, nan da nan sai zuciyarmu ta tafi ga abin da muka sani. Kulle a wurinmu tsari ne na aure, yana da mai sa shi, yana da ƙa'idojin da unguwa ta sani, kuma matar da ke cikinsa tana tsakiyar jama'a, ga abokiyar zama, ga yara masu kai saƙo da talla, ga biki da suna da ake zuwa da dare. Abin da ya faru da Emily bai yi kama da wannan ba. Ƙanwarta tana fita kasuwa da ziyara, matar wanta ita ce kan gaba wajen tara baƙi a garin, ita kanta Emily a ƙuruciyarta ta yi makaranta shekara bakwai a garinsu, tana yawon daji tana tsinko furanni har ta tara sama da iri 400 a cikin wani kundi, ta je Washinton da Philadelphia a 1855, ta kuma yi watanni a wajen Boston a 1864 da 1865 ana yi mata maganin ido. Janyewar tata a hankali ta zo: ta fara barin zuwa coci, ta bar ziyara, daga baya ta koma yi wa baƙi magana ta bayan ƙofa ko daga saman matakala. A 1869 ta rubuta wa wani abokin wasiƙarta cewa ba ta ƙetare filin mahaifinta zuwa wani gida ko wani gari. Da mahaifin ya rasu a 1874 aka yi masa addu'ar jana'iza a falon ƙasa, tana ɗakinta na sama ta bar ƙofa a ɗan buɗe tana saurare. Ki lura da wannan sosai: da shi ne ya tsare ta, da rasuwarsa ta sake ta, amma shekara 12 da ta yi bayansa su ne ma ta fi ɓuya a cikinsu.

Mahaifin mutum ne mai tsauri da kwarjini, kuma ita da kanta ta faɗa a wasiƙa cewa yana sayo mata littattafai da yawa amma yana roƙonta kada ta karanta su don yana tsoron su rikita mata tunani. Shi ne kuma ya gina mata ɗan ɗakin gilashi na renon furanni, kuma ba ya son burodin kowa sai nata. Fim ɗin ya yi adalci a nan, bai mayar da shi dodo ba. 'Yar wanta ta ba da labarin cewa wata rana Emily ta kai ta ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta yi kamar tana murɗa mabuɗin da babu shi a hannunta, ta ce mata murɗawa ɗaya ce, sai 'yanci. In ana neman abin da ya fi kusa da halinta a al'adarmu, halwa ta fi kusa da shi a kan kulle, ko da yake halwa tana da wa'adi da shehin da ke sa ido, tata kuwa ba wa'adi, kuma abin da ta shige dominsa rubutu ne. Masana sun kawo dalilai iri-iri, daga ciwon ido zuwa tsoron taro zuwa ɗawainiyar jinyar mahaifiya, amma ita ba ta bar wata takarda da ta bayyana dalilinta ba, kuma wannan shirun nata shi ne babban jarrabawar duk wanda zai yi fim a kanta.

Ki duba matsalar darakta. Kyamara tana son motsi, tana son fuska biyu suna musayar magana, ga shi kuwa babban aikin rayuwar wannan mata ya gudana ne a kan wani ɗan teburi da faɗinsa bai wuce kamu ɗaya ba, cikin dare, ba mai gani. Tsakanin 1858 da 1864 ta kwafe waƙoƙi kusan 800 da hannunta a kan takardu, ta ninke su, ta huda da allura ta ɗinke da zare, ta yi ƙananan littattafai 40 ta ajiye. Daga baya ma ta bar ɗinkin, ta koma rubutu a bayan ambulan da guntayen takardun kicin. Jimillar abin da aka tattara ya kai waƙa 1,789, amma waɗanda aka buga tana raye ba su wuce goma ba, su ma ba da sunanta ba, kuma editoci sun taɓa su. Yaya za a nuna wannan har awa biyu? Inda Davies ya fi burge ni shi ne inda ya yarda da shirun bai yi faɗa da shi ba. Akwai wurin da kyamara ke zagaya falo a hankali da dare, ana ganin kowa na gidan zaune cikin hasken fitila, wannan na karatu, wannan na ɗinki, uwa ta zuba wa wuta ido, ba mai cewa uffan, har ta dawo kan fuskar Emily an ga idonta ya ciko. Akwai kuma wurin da 'yan gidan suka zauna a gaban mai hoto ɗaya bayan ɗaya, fuskokinsu suna tsufa a gaban mai kallo, aka haɗiye shekaru masu yawa ba tare da kalma ɗaya ba. Waɗannan wurare ba su ƙara wa tarihi ƙarya ba, sun ba mai kallo ɗanɗanon zaman gidan ne kawai, kuma irinsu nake so ki koya.

Inda ya kasa haƙuri da shirun kuwa, nan ya yi ƙari. Ƙawar nan mai kaifin baki da ta cika rabin farko na fim ɗin, Vryling, sunan mutum ne na gaske, amma a tarihi da Lavinia aka san ta, darakta ne ya ɗauko ta ya mayar da ita aminiyar Emily don ya sami wadda za su riƙa musayar zance. A madadin haka sai ya rage wa Susan matsayi, alhali ita ce ta karɓi waƙoƙi sama da 250 daga hannun Emily, ita Emily ke tura wa waƙa ta ji ra'ayinta har ta sake baiti saboda maganarta. Haka nan bai ba Thomas Higginson wani gurbi ba, marubucin da Emily ta aika wa wasiƙa a Afrilun 1862 da waƙoƙi huɗu tana tambayarsa ko baitocinta suna da rai, suka ci gaba da wasiƙa har ƙarshen rayuwarta, ya ziyarce ta a 1870 ta shigo ta miƙa masa furanni biyu a matsayin gabatar da kanta. Ƙari mafi girma shi ne wurin da aka nuna ta kama wanta da Mabel Todd ido da ido. Alaƙar da ba ta dace ba tsakanin Austin da wannan matar aure gaskiya ce, ta fara a 1882 ta ci gaba har rasuwarsa a 1895, ta kuma raba kan gidan. Amma Mabel ba ta taɓa ganin fuskar Emily ba tana raye. Takan zo ta kaɗa fiyano ta yi waƙa a falo, Emily na saurare daga inda ba a ganinta, in an gama ta aiko mata da abin sha ko 'yar takarda mai baiti. A ganina abin da ya faru da gaske ya fi wanda aka ƙaga ƙarfi, domin mace da ke sauraron muryar wadda ke rusa auren aminiyarta, ta yi mata karamci amma ta hana ta ganin fuskarta shekara huɗu, ta faɗi abin da tsawa ba za ta faɗa ba.

Babban abin da nake riƙe da shi a kan fim ɗin shi ne yadda ya ƙare da ita cikin ɗaci da kaɗaici, kamar wadda rayuwa ta wuce ta bari. Baƙin ciki ya same ta da gaske: mahaifiyarta ta sami shanyewar ɓarin jiki a 1875, ita da Lavinia suka yi jinyarta shekara bakwai har ta rasu a 1882, sannan a 1883 zazzaɓin taifot ya ɗauke ɗan wanta mai shekara takwas wanda take ji da shi, daga nan lafiyarta ba ta sake daidaita ba. A takardar shaidar mutuwarta ciwon ƙoda aka rubuta, wasu likitocin zamani kuma da suka bi alamun suna ganin hawan jini ne mai tsanani. To amma wasiƙunta da suka tsira sun haura dubu, zuwa ga mutane kusan ɗari, kuma wanda ya karanta su zai tarar da mace mai raha, mai aika furanni da kek ga maƙwabta marasa lafiya da masu zaman makoki, wadda ke zuro wa yaran unguwa kayan ƙwalama cikin kwando ta taga da igiya. Ƙofa ta rufe, hannunta kuwa yana miƙe. Wanda ya kalli fim ɗin kaɗai zai fita yana tausayinta fiye da yadda zai girmama ta, ni kuwa ina ganin girmamawa ta fi cancanta.

Abin da ya biyo bayan rasuwarta, wanda fim ɗin bai shiga ba, shi ne ya fi shafar ki. Emily ta bar wasiyyar a ƙona wasiƙun da aka aiko mata, Lavinia ta cika wasiyya, sai ta ci karo da tarin waƙoƙin da ko ita da suke gida ɗaya ba ta san yawansu ya kai haka ba. Ta fara kai wa Susan, da ta ga an jinkirta sai ta kai wa Mabel, wato abokiyar gabar Susan. Mabel da Higginson suka fitar da littafin farko a 1890 mai waƙa 115, bayan sun sa musu sunayen da ba ta sa ba, sun gyara amsa-amon da ta karkatar da gangan, sun cire 'yan layukan da take yanka numfashin baiti da su. Daga baya rikicin wani fili ya kai Lavinia da Mabel kotu, Mabel ta sha kaye a 1898, ta kulle takardun da ke hannunta a cikin akwati, ba a buɗe ba sai bayan shekara talatin. 'Yar Susan da 'yar Mabel suka gaji gabar, kowacce tana buga nata kason da nata labarin, shi ya sa har yau takardun suna rabe tsakanin Jami'ar Harvard da Kwalejin Amherst, kuma sai a 1955 aka sami bugun da ya dawo da waƙoƙin kusa da yadda ta rubuta su. Duk siffar da duniya ta san Emily da ita, har wadda kika gani a fim, ta bi ta hannun waɗannan mata ne da abin da kowacce ta so a sani ko a ɓoye.

Na ga kwatankwacin wannan da idona a wani gari cikin ƙasar Gwandu. An kai ni gidan wani malami da ya daɗe da rasuwa, aka fito mini da takardunsa a zaure, na tarar da wata doguwar waƙar wa'azi ta yanke a tsakiyar baiti. Da na tambaya, sai wani dattijo ya sunkuyar da kai ya ce lokacin rabon gado an ƙirga warƙoƙin ne aka raba tsakanin ɗakuna biyu kamar yadda ake raba damman gero, don kada wani ya ce an cuce shi. Sauran rabin yana wani gida da ba ya nisa, amma 'yan uban ba sa ga maciji da juna, kuma da na samu aka buɗe mini adakar can bayan watanni, gara ta riga ta cinye gefen da sunan mawallafi da shekarar waƙar suke. Tun daga ranar ba na yi wa kowa maganar bugawa ko fim sai na tambayi halin da takardun suke ciki.

Saboda haka aikinki na farko ba na kyamarar fim ba ne, na wayar hannunki ne. Ki nemi izinin wanda gafakar ke hannunsa, ki shimfiɗa tsabtataccen zane a inuwa mai haske, ki ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya a bisa jerin da kika same su, ko da kin ga kamar sun hargitse. Kada ki liƙa musu salatif, kada ki kai a rufe su da leda mai zafi, kada kuma ki jera su yadda kike zato. Littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, abin da ke riƙe jerinsu ita ce kalmar da marubuci ke sa wa a ƙasan shafi, wadda ita ce za ta buɗe shafi na gaba, kuma da ita mai sani zai mayar da kowace warƙa mazauninta. Ki kula da ƙarshen kowace waƙa, domin a nan sha'irai suka saba ambaton sunansu, da yawan baitocin, da ramzi, wato haruffan da in aka lissafa su suke ba da shekarar hijira da aka gama waƙar.

Akwai wani abu da zan faɗa miki tun yanzu don kada ya zo miki a bazata. Ba duk waƙar da ke cikin gafakar mutum ce tasa ba. Matan gidajen malamai a ƙasashen Gwandu da Sakkwato da Zamfara sun kwafi waƙoƙin Shehu da na Abdullahi da na Nana Asma'u da hannunsu don karatu da koyarwa, kuma waƙa irin Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara layuka har kowane baiti ya zama mai layi biyar, za ki same ta a gidaje da yawa ba tare da sunan kowa a kanta ba. Sai wanda ya san waɗannan waƙoƙi ya zauna ya tace kafin a ce wannan ta kakarki ce. In ya zamana rabinsu kwafi ne, kada gwiwarki ta yi sanyi, domin abin da mace ta zaɓa ta kwafa da hannunta shi ma yana faɗin ko wace ce ita.

Kina da wata dama da Davies bai samu ba. Waƙoƙin Emily a takarda suka rayu, shi ya sa dole ya sa jarumarsa ta riƙa karanta su a bayan hoto. Tamu rubutacciyar waƙa kuwa don rerawa aka yi ta, kowacce da karinta. A daidai shekarun da Emily ke ɗinke littattafanta tana ɓoyewa, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana zaune a Sakkwato mata suna tasowa daga ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin jajoji, wato shugabannin mata da ta naɗa wa malfa, su haddace waƙoƙinta su koma su koyar da 'yan uwansu, ba tare da ita ta bi su gari-gari ba. Mace a cikin gida a ƙasar nan tana iya zama ba a ganinta amma ana jin muryarta a nesa. Saboda haka ina kyautata zaton kakarki ba ta ɓoye waƙoƙinta yadda danginki maza suke zato ba. Ki tambayi tsofaffin matan gidan, da waɗanda suka yi karatun allo a ɗakinta, da yarinyar da ake aike sayen takarda da ƙaro na haɗa tawada, wadda yanzu ita ma ta zama kaka. A gidan su Emily ma akwai wata mai aiki 'yar ƙasar Ailan, Margaret Maher, wadda ta ce a cikin akwatinta ake ajiye waɗancan littattafai, kuma an daɗe masu rubuta tarihi ba su waiwaye ta ba. Idan kika sami tsohuwa ɗaya da za ta rera miki baiti biyu da karin da kakarki ke rera su, ki naɗi muryarta a ranar, kada ki ce sai an kawo kayan aiki masu kyau.

Game da dalilin zamanta da abin da ke zuciyarta, a nan za ki fuskanci jarrabawar da na ambata. Malam Abdullahi na Gwandu ya sauƙaƙa wa masu tarihi, domin a littafinsa Tazyinul Waraƙati ya tattara waƙoƙinsa ya kuma faɗi halin da ya yi kowacce a ciki, har da lokacin da zuciyarsa ta ƙi abin da ya ga mutane sun koma yi na son duniya, ya bar runduna ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Mafi yawan mata ba su bar irin wannan bayani ba. Za a zo miki da shawarar a sa mugun miji, ko kishiya mai makirci, ko wani masoyi da aka hana ta, don fim ya yi armashi a kasuwa. Ina roƙonki kada ki karɓa. Abin da ya sa aka iya nuna aibin Austin a fim shi ne an yi fiye da shekara ɗari da rasuwarsa, kuma shi da Mabel sun bar wasiƙu da littattafan ajiyar sirri da suka tabbatar da shi. Ke kuwa 'ya'yan kakarki da na abokan zamanta suna raye, za su kalla, maƙwabta za su kalla, kuma abin da kika ƙaga a awa biyu shi zai zama tarihinta a bakin jikokin da ba su san ta ba. Addininmu ya hore mu da kame baki daga aibata mamaci ko da abin gaskiya ne, balle wanda aka ƙirƙira. In kina neman halinta, marsiyyoyinta za ki bi in akwai su, domin a waƙar makoki ne sha'iran gidajen nan suka fi sakin zuciyarsu. Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Bello da mijinta Giɗaɗo, ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta Halima wadda ba 'yar sarauta ba ce, kuma daga abin da take yabo a cikin mamatan ake gane abin da ita kanta ta ɗauka da girma.

Shawarata ita ce ki fara da gajeren shiri na gani da ido, ba wasan kwaikwayo ba, ko da na minti 20 ne: ɗakinta yadda yake, buzun sallarta, gafakar ana kwance igiyarta, hannun wata tsohuwa yana bin layin ajami, muryoyin waɗanda suka san ta, da waƙar ana rerawa a kan hoton tsakar gida da hantsi. Matan da ba su yarda a nuna fuskarsu ba, ki ɗauki muryarsu da hannuwansu, hakan ma ya dace da rayuwar wadda ake magana a kanta. Kafin ki ɗauki komai, ki sa mahaifiyarki ta kai ki wurin babban kawunki da babbar innarki ki faɗa musu niyyarki, ki kuma yi musu alkawarin su ne za su fara gani kafin kowa, kuma kowane ɗaki na gidan za a ba shi kwafin hotunan takardun gaba ɗaya, don kada a wayi gari wani ya ce an fifita wani. Idan daga baya kika ga labarin ya isa a sa 'yan wasa, lokacin kina da shaidar da za ki tsaya a kanta, kuma duk inda kika cike gurbi da tunaninki sai ki faɗa a fili a farkon fim ɗin.

In kin gama ɗaukar hotunan, ki turo mini na shafukan ƙarshe na kowace waƙa tukuna, mu duba suna da ramzi, sannan mu ware waɗanda za a kai wa masana a Sakkwato su gwada da abin da ke ajiye a can. Gafakar kuma a ɗauke ta daga ƙasa a sa ta a wuri mai iska kafin damina ta kankama.